Kan Sarki ko Tambur: Yadda Za Ka Liƙa Shi Wasiƙarka Ta Isa

Kan sarki wata ƴar ƙaramar takarda ce mai hoto da lamba, wadda ake saye a gidan waya a liƙa a kan ambulan. Mu a nan Nijar mun fi saninsa da tambur. Aikinsa guda ne: shaida ce cewa mai wasiƙa ya riga ya biya ladan ɗaukarta, tun daga inda ya miƙa ta har inda za a karɓe ta. In shaidar ta cika, wasiƙa ta tafi. In ta gaza, ko kuwa ba irin wadda gidan waya ya sani ba ce, sai wasiƙa ta tsaya a hanya, ko ta komo, ko a ɗora wa wanda aka aika wa biyan abin da ya rage.

Ya mai karatu, wataƙila ka ce yau wa yake rubuta wasiƙa, ga salula a aljihun kowa? Gaskiya ne, gaisuwa da labarin gida sun koma waya. Amma akwai takardun da murya ba ta ɗauka, hotonsu ma ba ya wadatarwa: takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, sakamakon jarrabawa, takardar neman aiki, takardun fansho. Ma'aikatu da yawa ba su yarda sai sun riƙe takardar da hannunsu. Mutumin Sae Sabuwa, ko na ƙauyukan Agye da Gazawa da Gidan Rumji, wanda ya biya kuɗin mota zuwa Maraɗi don ya aika da takarda Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ba zai so a ce masa bayan wata guda ba ta iso ba saboda kuskuren tambur, alhali kuwa ranar rufe karɓar takardu ta wuce.

Daga ina sunan ya fito?

Kafin shekarar 1840, a ƙasar Ingila, galibi wanda aka aika wa wasiƙa shi yake biyan ladanta, gwargwadon nisan tafiya da yawan takardun. Kuɗin da tsada, talaka kuwa yakan ƙi karɓa, gidan waya ya yi dako a banza. Wani malami mai suna Rowland Hill ya kawo shawarar a juya al'amarin: mai aikawa ya biya tun da farko, kuɗi kaɗan, bisa nauyin wasiƙa. Ranar 6 ga Mayu 1840 aka fara aiki da tambur na farko a duniya. Baƙi ne, na kwabo ɗaya, da hoton kan Sarauniya Biktoriya.

Da Turawan Ingila suka kafa mulki a Arewacin Nijeriya, tambur ɗin da suka fara fitarwa a 1900 shi ma kan Sarauniyar ne a jikinsa. Daga 1902 ya zama kan Sarki Edward na Bakwai, daga baya na Sarki George na Biyar. Abin da Bahaushe ya gani shi ya faɗa: kan sarki. Sunan ya zauna har yau, ko da hoton na raƙumin dawa ne. Kalmar tambur kuwa daga Faransanci aka aro ta.

A ƙasarmu, tambur na farko na Nijar ita kaɗai ya fito a 1921, aka buga sunanta bisa hoton wani mahayin raƙumi. Waɗanda aka fitar a 1926 suna nuna mai jan ruwa a rijiya, da jirgin ruwa a kogin Isa, da sansanin soja na Damagaram. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka koma tambur guda na dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, sai a 1959, ana gab da samun ƴancin kai, aka fitar da masu sunan Jamhuriyar Nijar. Yau kamfanin Niger Poste, wanda dokar 2005 ta kafa a madadin ONPE, shi ke riƙe da gidajen waya na ƙasa.

Karanta shi kafin ka liƙa

Yanzu da kake iya haɗa baƙi, tambur yana daga cikin takardun da suka fi sauƙin karantawa, don rubutunsa kaɗan ne. Kada hoton ya ɗauke maka hankali. Hoto ado ne kawai. Ka nemi sunan ƙasa, wato NIGER ko RÉPUBLIQUE DU NIGER. Ka nemi kalmar POSTES ko POSTE, wadda ke nufin gidan waya. Sa'an nan ka nemi lamba mai harafin F a gefenta, wato darajarsa. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana tsare ka daga wani kuskure dabam.

Tambur na gidan waya da tambur na haraji

Nan ne aka fi samun ruɗani, domin abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai tambur ɗin da ake liƙawa a kan takardun hukuma, kamar sa'ad da kake neman katin ɗan ƙasa wurin ƴan sanda, ko takardar shaidar ɗan ƙasa a kotu. Wannan na haraji ne, a jikinsa an rubuta TIMBRE FISCAL, kuma kuɗinsa baitulmalin gwamnati yake shiga. Gidan waya bai ci ko tamma ɗaya a ciki ba, saboda haka ba zai ɗauki wasiƙa dominsa ba, komai yawan kuɗin da aka rubuta a jikinsa. Haka nan tambur na gidan waya ba ya aiki a kan takardar hukuma.

Ga inda abin yake haɗuwa. Idan gwamnati ta buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sanarwar takan ce a rubuta takardar nema da hannu, a liƙa mata tambur. Wanda ake nufi a nan na haraji ne, kuma a kan takardar neman kanta ake liƙa shi, ta shiga cikin ambulan. In ta gidan waya za ka aika, sai ka sake sayen na gidan waya ka liƙa a waje. Ke nan ambulan guda, tambur iri biyu: na haraji a ciki, na gidan waya a waje. Wani lokaci kuma sanarwar takan ƙara da cewa a haɗo da ambulan mai tambur da adireshin mai nema. Wannan ambulan na biyu shi za su sa amsa a ciki su maido maka, don haka tambur na gidan waya yake bukata, sabo, wanda hatimi bai taɓa ba. Ka rubuta sunanka da adireshinka a tsakiyarsa, ka ninke shi ka sa a cikin babban, kada ka liƙe bakinsa.

In wani za ka aika ya sayo maka, kada ka ce masa «sayo tambur» ka yi shiru. Ka faɗa masa na wasiƙa ne ko na takardar hukuma, ko ka rubuta masa kalmar a ƴar takarda ya nuna.

Tambur na wata ƙasa

Mu mutanen jihar Maraɗi ƙafarmu ɗaya tana Jibiya da Katsina da Kano, kuma kayan Nijeriya sun cika kasuwanninmu. Tambur ba ya cikin kayan da ke ƙetare iyaka. Ƙa'idar ita ce: ƙasar da ka jefa wasiƙa a cikinta, tambur ɗinta za ka liƙa, ba na ƙasar da wasiƙar za ta ba. In daga Maraɗi za ka aika Kano, na Nijar za ka sa. In kana Kano za ka aika gida, sai na Nijeriya, mai darajar naira. Sunayen ƙasashen biyu sun yi kama a rubuce, NIGER da NIGERIA, bambancinsu haruffa biyu ne a ƙarshe, don haka ka karanta har ƙarshen kalma. Na Benin da Burkina Faso da Kodebuwa ma ba su aiki a nan, ko da yake kuɗinmu na sefa ɗaya ne da nasu.

To yaya tambur na Nijar yake kai wasiƙa har Makka ko Faransa, inda ba a biya su kome ba a taga? Dalili shi ne yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874, wadda ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya. Ƙasashen ƙungiyar sun amince kowace ta isar da wasiƙar ƴar'uwarta kamar tata, muddin an biya cikakken lada a ƙasar da ta fito. Nijar ta shiga ƙungiyar a 1961.

Lissafin dala da tamma

A kasuwa da dala muke lissafi, tambur kuwa da tamma yake magana, kuma dala ɗaya tamma biyar ce. Lambar da ka gani a jikinsa sai ka raba ta gida biyar kafin ka san dalolinta. Mai 50 F dala goma ne. Mai 100 F dala ashirin ne, ba dala ɗari ba. Mai 250 F dala hamsin, mai 500 F dala ɗari, mai 1000 F jika guda.

Dubi yadda kuskuren yake aukuwa. A ce an gaya maka ladan wasiƙarka dala ɗari ne. Ka duba cikin littafinka ka ga wani tambur da aka rubuta 100 a jikinsa, ka ce ai ga shi, ka liƙa. Abin da ka biya dala ashirin ne kacal, saura dala tamanin. Wanda bai iya karatu ba bai cika faɗawa wannan rami ba, don shi miƙa kuɗi yake yi a ba shi abin da ya dace. Sabon mai karatu ne yake faɗawa, saboda ya gane lambar amma ya fassara ta da lissafin kasuwa. In ma'aikaci ya faɗi kuɗi, babu kunya ka tambaye shi: «Malam, dala ko tamma?» Ko ka roƙe shi ya rubuta maka lambar, ka gwada ta da ta jikin tambur. Matambayi ba ya ɓata.

Ba dole ne tambur guda ya cika kuɗin ba. In ana bukatar 750 F, misali, mai 500 F da mai 250 F sun yi, ko uku masu 250 F. Jimla ake dubawa. In ta haura kaɗan wasiƙa za ta tafi, sai dai ba a maido canji.

A auna tukuna

Abu biyu ke yanke ladan wasiƙa: nauyinta da inda za ta. Ta cikin ƙasa kuɗinta dabam, ta ƙasashen waje dabam, kuma su ma an kasa su rukuni-rukuni. Nauyi kuwa hawa-hawa ake biyansa kamar matakala, kuma a ƙasashe da yawa matakin farko yana tsayawa a giram 20. Takardar ofis falle ɗaya wajen giram 5 ce, ƙaramin ambulan ma kusan haka. Ke nan falle uku da ambulan sun kai bakin matakin. Ka ƙara hotuna, ko ka sa babban ambulan mai ruwan ƙasa irin na takardun neman aiki, ka riga ka hau mataki na gaba, ko da a hannu ba ka ji bambanci ba.

Saboda haka hanya mafi aminci ita ce ka rufe ambulan, ka rubuta adireshi, ka kai shi taga a ɗora a sikeli, sa'an nan ka sayi tambur. Farashi yana canzawa da zamani. Abin da maƙwabcinka ya biya bara ba hujja ba ne bana. Wasiƙar da kuɗinta bai cika ba akan maido wa mai ita, ko a buga mata harafin T, alamar akwai bashi a kanta, a nemi wanda aka aika wa ya biya cikon har da ƙari. Ɗan'uwanka zai biya ya yi maka tsiya daga baya. Ma'aikatar da kake neman aiki a wurinta kuwa ba lalle ta biya ba.

Wurin liƙawa da yadda ake yi

Ka ajiye ambulan a gabanka a kwance, fuskar da ba ta da baki tana sama. Wurin tambur shi ne kusurwar sama ta hannun dama, a fuska ɗaya da adireshi. Ka bar ɗan fili tsakaninsa da gefe, kada ya lanƙwasa ya zagaya baya. In sun fi ɗaya, ka jera su gefe da gefe daga dama zuwa hagu, kada wani ya hau kan wani, domin lambar da aka rufe ba za a lissafa ta ba. Wasu sukan liƙa shi a baya, a bakin ambulan, wai don ya zama kulle. Niyyar mai kyau ce, amma ma'aikacin da ke tace ɗaruruwan wasiƙu kusurwar dama yake kallo, injunan manyan biranen duniya ma can suke nema.

Bayan tambur akwai busasshen danƙo. A da akan yi shi da ƙaro, irin wanda ake samu a jikin ɗakwara. Laima kaɗan yake so. Ka jiƙa yatsa da ruwa mai tsabta ka shafa sau ɗaya, ka ɗora, ka danna da babban yatsa har ka ƙirga goma, musamman kusurwoyin. Ruwa da yawa yana wanke danƙon, sai tambur ya kama yanzu, ya ɓalle a cikin buhu in iskar hunturu ta busar da shi. In danƙon ya mutu, ka shafa gam kaɗan a bayansa.

Abin da ba a yi shi ne a rufe fuskarsa da salatif. Mutane suna yin haka don tsoron kada ya faɗi, amma tawadar hatimi ba ta zama a kan leda, kuma tambur ɗin da ba a iya kashewa ana iya ƙin karɓarsa. Kada kuma ka soke shi da ƙusar haɗa takardu. Wajen cire shi daga cikin ƴan'uwansa, ka fara ninkewa a kan layin ƴan hujojin nan, sa'an nan ka ja a hankali. Wanda ya yage har ya ci lamba ko sunan ƙasa ya zama asara.

A wasu gidajen waya ma'aikaci yakan buga kuɗin da inji, ko ya manna wata ƴar takarda mai lamba maimakon tambur mai hoto. Duk ɗaya ne.

Hatimi

Da ka miƙa wasiƙa, ma'aikaci zai buga hatimi, rabi a kan tambur, rabi a kan ambulan. Hatimin yana ɗauke da sunan gidan wayar da kwanan wata, kuma shi ke kashe tambur, ya nuna an ci kuɗinsa. Tambur sau ɗaya yake aiki. Wanda ka ɓamɓaro daga tsohuwar wasiƙa sai dai yara su tara don hotunansa; sake liƙa shi, ko goge hatiminsa, laifi ne a doka. Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. Baƙin tambur na 1840 da jar tawada ake kashe shi, mutane suka gano tana wankuwa, dole a 1841 aka mai da tambur ɗin ja, tawadar hatimi kuma baƙa.

Kwanan watan nan yana da amfani gare ka. Sanarwar jarrabawa ko ta neman aiki takan ce ranar da ke jikin hatimin gidan waya ita ce hujja. In haka ne, ka miƙa wasiƙar hannu da hannu a taga, ka tsaya a buga a gabanka, ka duba ranar ta fito sosai.

Adireshi

Tambur ya biya hanya, adireshi ke nuna ta. Ka rubuta shi a tsakiyar ambulan, ƙasa da tambur, da manyan haruffan boko: suna a layin farko, lambar akwati a na biyu, gari a na uku, ƙasa a na ƙarshe. A Nijar galibin wasiƙu ba gida-gida ake rarraba su ba, akwatin gidan waya suke shiga, wanda ake taƙaitawa da BP. Wanda ba shi da akwati yakan ari na makaranta, ko na ofishin magajin gari, ko na wani ɗan kasuwa. In haka ne sai a rubuta sunan mai wasiƙa, a ƙarƙashinsa a sa s/c da sunan mai akwatin, ma'ana ta hannun wane. Ka nemi izininsa tukuna, don ya san da zuwanta.

Naka sunan da adireshin su tafi kusurwar sama ta hagu, ko bayan ambulan, da ƙananan haruffa. Ta nan wasiƙa take komowa in ba a sami mai ita ba. Abin da ke ciki kana iya rubuta shi da ajami in ka ga dama, amma na waje ya zama boko. In ƙasar Larabawa za ta, babu laifi ka ƙara adireshin da Larabci, sai dai sunan ƙasar ya fito da boko. Ƴan'uwanka da ke waje kuma ka gaya masu su rubuta RÉPUBLIQUE DU NIGER cikakke, don wasiƙun Nijar sukan yi ɓatan kai zuwa Nijeriya.

Takarda mai daraja, da maganar kuɗi

Wasiƙar da aka sa wa tambur kawai ba ta da rasit, in ta ɓace babu inda za ka kama. Takardar da samun wata zai yi wuya, ka aika da ita ta rajista, abin da ake kira rekomande a taga. Za ka ƙara kuɗi a kan ladan nauyi, a ba ka rasit mai lamba, kuma ba a miƙa ta sai mai karɓa ya sa hannu. Lambar mai fita waje galibi tana farawa da R, ta ƙare da NE, alamar Nijar. Ta Nijeriya da NG take ƙarewa. Ka karanta wa wanda ka aika wa lambar ta salula, ka adana rasit har ya ce ta shigo hannunsa. In ana karɓar kwafin da hukuma ta tabbatar, ka aika da shi, ka bar ta asali a gida.

Kuɗi kuwa kada ka sa su cikin wasiƙa, ko takarda ko ƙarfe. Ƙa'idar gidan waya ta hana, kuma in sun salwanta ba a biya. Akwai manda ta gidan waya, akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza.

In ka sayi tambur fiye da bukatarka don rage zirga-zirga, kada ka bar shi a aljihun riga, gumi zai narkar da danƙon. Da damina kuma laima takan manne su da juna. Ka sa su tsakanin shafukan littafi, kowane a shafinsa, littafin kuma cikin akwati ko kwalla mai murfi, inda gara ba ta kai ba.